Waƙar "Jaruma" ta Hamisu Breaker: Tsokaci a Kan Dalilin Karɓuwarta

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2020 ne mawaƙin nan ɗan unguwar Ɗorayi ta birnin Kano, Hamisu Breaker, ya fitar da waƙarsa ta soyayya mai suna "Jaruma". Cikin 'yan watanni ta game ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba daɗin rauji kaɗai ya ɗaukaka waƙar ba. Masu sauraro ne suka sauya mata muhalli, ta haka kuma suka sauya mata ma'ana.

2.0 Tushen Waƙar

"Jaruma" tana cikin rukunin waƙoƙin fiyano da ake kira nanaye, waɗanda suka bunƙasa tare da finafinan Hausa, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999. Waɗannan waƙoƙi sun ci gado biyu: bege tsakanin saurayi da budurwa irin na finafinan Indiya, da kuma zubin bayarwa da amshi na waƙoƙin dandali. Ke nan asalin muhallinsu shi ne zance da biki, wato harkar samari da 'yan mata.

3.0 Jigo da Salo

Babban jigon waƙar shi ne soyayya, ƙananan jigoginta kuwa yabo da bege. Abin lura ga manazarcin harshe shi ne sunanta. A da, "jarumi" mayaƙi ne ko mafarauci, wanda makaɗan maza ke yi wa kirari. Masana'antar fim ta faɗaɗa kalmar ta koma nufin tauraron wasa, har siffarta ta mace, "jaruma", ta zama ruwan dare. Mawaƙin ya ƙara mata mataki na uku: macen da ta ci zuciyar masoyi da yaƙi. Da wannan ya juya al'adar kirari, domin namiji ne ya rusuna, mace ta hau matsayin gwarzo.

Amma ta fuskar adon harshe waƙar ba ta yi wa takwarorinta nisa ba. Ƙarfinta yana ga karin murya da maimaici, abin da ya sa take da sauƙin hardacewa.

4.0 Karɓuwa da Ce-ce-ku-ce

Waƙar ta yi tashe ne a lokacin dokar kulle ta annobar korona, wadda aka kafa a Kano cikin Afrilun 2020. Da aka hana tarukan biki, sai ta rasa dandalinta na asali, ta shiga tsakar gida. A Ƙaramar Sallah ta watan Mayu, wasu matan aure suka riƙa taka rawa da ita a gaban mazajensu, suna ɗora hotunan bidiyon a kafofin sada zumunta. Wasu malamai da dattawa suka soki abin, wasu kuwa suka ga raha ce ta halal tsakanin ma'aurata.

Tushen gardamar shi ne kunya. Matar Bahaushe ba ta ko ambatar sunan mijinta a gargajiyance. Abin da ke ranta takan sakaya shi ne cikin waƙoƙin niƙa da daka, ta hanyar habaici. A nan kuwa ta ari muryar namiji ta bayyana ƙauna a fili, ta kuma amsa sunan jaruma da kanta.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa feɗe matani kaɗai ba zai bayyana karɓuwar waƙar zamani ba. Wajibi ne manazarta su haɗa nazarin jigo da salo da nazarin wurin aiwatarwa da masu aiwatarwar, kamar yadda aka saba yi wa waƙoƙin fada da na noma. In ba haka ba, za a riƙa yanke wa irin "Jaruma" hukunci bisa kalmominta kawai, alhali abin da ya motsa jama'a ya faru ne a tsakar gida.