Yawon Buɗe Ido Ko Na Buɗe Jaka?



Yau alƙalamin nawa ya faɗa ne kan wata al'ada da ta yi mana sallama tun lokacin da aka fara sassauta dokokin cutar korona, har yau kuma ba ta yi mana ban kwana ba, wato fita ƙasashen waje yawon buɗe ido. Na san tun ban yi nisa ba wata za ta taɓe baki ta ce ai hassada ce, dama wanda bai samu ba shi ke kushewa. To Hajiyata ki daure ki kai ƙarshe, in ya so sai ki yanke mini hukuncin da kika ga dama.

Duk wanda ya ga shekarar 2020 ya ga abu. A watan Maris aka rufe filayen jiragen sama, a Afrilu aka kulle Kano, muka yi azumi a tsakar gida ba tafsiri ba asham a masallaci, ga saƙon rasuwar dattawa kusan kullum sai ya iso. Aikin Hajji kansa bai yiwu ga mutanen ƙasarmu ba a shekarar, haka ma a 2021, sai a 2022 maniyyata suka samu tashi, kujerun ma ba su kai rabin waɗanda aka saba ba mu ba. Don haka da aka buɗe filin jirgin Legas da na Abuja a Satumban 2020, na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2021, ni ban ga laifin wanda ya ji yana son ya fita ya sha iska ba. Ko kaza ce ta daɗe a akurki, ranar da aka buɗe mata sai ta baza fukafukai. Ita kuwa Dubai da yake idonta na kasuwa ne, tun Yulin 2020 ta wangale ƙofa ta ce baƙi bismillah.

Inda gizo ke saƙar shi ne sunan tafiyar. Buɗe ido aka ce, ko? To don Allah duk ranar da kika je yi wa wata ƙawarki barka da dawowa, bayan an gama rabon tsarabar turare da dabino da cakulan, ki tambaye ta, "'Yar uwa me kika gano?" Amsar ba ta wuce, "Ke dai bari, garin ya haɗu!" In kika matsa, sai ta shiga ba ki labarin laushin gadon otal, da kuɗin abaya, da wani kanti da suka wuni a ciki ba su zagaye rabinsa ba. Daga nan sai a miƙo miki waya ki sha kallon hotuna. Ga ta a filin jirgi riƙe da fasfo, ga ta a jikin tagar jirgi, ga farantin abinci, ga ta a gindin Burj Khalifa, dogon benen nan mai tsawon mita 828. Ki lura da kyau, a duk hotunan nan ta juya wa abin da ta je kallon baya. Shi benen yana can bayanta, fuskarta tana wajenmu, mu da muke zaune a Fagge da Gwammaja da Tudun Wada muna latsa waya. Ashe dai mu aka je wa tafiyar.

Kada a yi mini gurguwar fahimta, ba da hajiyoyinmu 'yan kasuwa nake ba, waɗanda tun kafin korona suke zirga-zirgar Deira suna saro gwal da laces da abayoyi. Su neman halaliyarsu suka je, sun san abin da ya kai su, kuma da yawansu su ke riƙe da gidajensu. Da wadda ta ce kallo ta je nake.

Kuma wallahi akwai abin kallon. Garin nan kafin a samu man fetur a 1966, na masunta ne da 'yan fatauci da masu nutso cikin teku suna tsamo lu'ulu'u. Tsohuwar unguwarsu ta Al Fahidi tana nan an adana ta, lungu-lungu kamar cikin birni. A saman gidajen akwai wani dogon soro mai kafofi ta kowace fuska, aikinsa ya kamo iska ya zuro ta cikin ɗaki, dabarar da suka yi maganin zafi da ita tun ba su san fanka ba. Ke da kike kwana fifita a watan Afrilu in an ɗauke wuta, ashe wannan bai isa ki tsaya ki ƙare masa kallo ba? Daga nan kwale-kwale ake shiga a tsallaka mashigin ruwa zuwa kasuwar gwal da ta kayan ƙamshi. Ƙasar kaf ba ta da kogi ko guda ɗaya mai gudana, ruwan teku suke tacewa su cire gishirin, amma duk famfon da kika murɗa sai ya kawo. Mu da Allah Ya ba madatsar Tiga da ta Challawa, jarka muke saye a kura. Wadda ta ga wannan da idon basira, ai ta dawo da tambayar da za ta yi wa masu zuwa neman ƙuri'arta. Haka nan daga Oktoban 2021 zuwa Maris na 2022 an yi gagarumin baje kolin duniya a garin, ƙasashe 192 kowace da rumfarta, har da Nijeriya. Duniya guda a fili ɗaya. Amma a cikin matanmu da suka je can a lokacin, ki nemi wadda za ta ba ki labarin rumfa uku ki gani.

Masar ma haka. Ana zuwa a hau raƙumi a gaban dalar Giza a ɗau hoto, kamar ba mu da raƙuma a nan. Alhali a Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakunan Fir'aunoni 22, maza 18 mata 4, aka mayar da su sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ cikin Alƙahira. Mutanen da suka mulki duniya ga su nan kwance a akwatin gilas, fata ta bushe a jikin ƙashi. Malamai kullum suna tuna mana umarnin a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. To ga wa'azi ba mai wa'azi, amma kasuwar mayafai ta cinye ranar.

Da a ce abin ya tsaya ga masu shi, da ban ɓata tawadata ba. Matar da mijinta ya tara, ko ita ta tara da guminta, in ta ga dama ta je ta yi barci sati guda a otal ta dawo, kuɗinta ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wadda hoton yake faɗowa a wayarta, tana zaune gaban murhu, mijinta ɗan albashi ne ko mai ɗan shago a Kwari. Daga ranar ta daina ganin kyan ɗakinta. Maigida ya shigo da ledar cefane, ko sannu da zuwa babu. In kuwa da kishiya a gidan aka yi rashin sa'a an taɓa fita da ɗaya, to an shiga uku, don sai an yi adalcin biza ko da za a sayar da fili. Na ji gidan da aka yi yaji wata biyu a kan wannan, yara huɗu suna gararamba tsakanin gidan kaka da gidan uba. Haba mata! Wai yaushe hatimin fasfo ya shiga cikin haƙƙoƙin aure, bayan ci da sha da sutura da muhalli?

Wadda ta ga maigidan ba zai motsa ba, sai ta juya kan abin hannunta. Ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar farko, ta je ta cinye a kwana bakwai, ta dawo tana zubi wata goma tana ɓuya in an aiko. Wata kuma sarƙa da 'yan kunne da awarwaron gwal ɗinta za ta miƙa wa dillaliya, wai in ta je can ta sayo sabon yayi. Ina! Kuɗin tikiti da otal da biza sun lashe. A wancan lokacin ma har da kuɗin gwajin korona, a yi miki kafin ki tashi, ki kuma biya na wanda za a yi miki bayan kin dawo. Nan nake son ki buɗe kunne da kyau. A 2021 ma'aunin oza guda na gwal yana wajen dala 1,800 a kasuwar duniya, a Oktoban 2025 ya haura dala 4,000. Ita kanta dalar da ake canzawa wajen naira 360 a 2019, a 2024 ta wuce naira 1,500. Ki haɗa biyun ki gani. Gwal ɗin da uwa ta yi shekaru tana tara wa 'yarta, wanda shi ne asusun mace ranar ciwo, ranar mutuwar miji, ranar da aka miƙo mata takarda, an canza shi da hotuna ɗari biyu, kuma ko ta shekara goma tana tari da wuya ta mayar da kamarsa. Wayar ma da hotunan ke ciki wataƙila tuni ta faɗa ruwa.

Su kuma waɗanda ake rububin zuwa ƙasarsu, sun nuna mana matsayinmu ba sau ɗaya ba. A Disambar 2021 da aka ce wani sabon nau'in cutar ya ɓulla, dare ɗaya Ingila ta saka Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, mai izinin zama can ma in ya sauka sai an killace shi a otal ya biya fam 2,285 daga aljihunsa. A Oktoban 2022 Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza, jiragen Emirates suka daina zuwa, ba su dawo ba sai Oktoban 2024. Kusan shekara biyu ba Dubai, kuma ban ji matar da ta mutu don ba ta je ba.

To wai daga ina muka kwaso wannan ra'ayi, na cewa ƙasar waje gado ce da kanti? Ba wayar hannu kaɗai ba ce. Tun kafin ta zo littattafan soyayya suka share mata fage, kuma waɗanda ake karantawa yanzu a waya sun ma fi na da. Kin san tsarin. Yarinya 'yar talakawa ta sha wuyar kishiyar uwa, ɗan Alhaji ya gan ta ya mato, a sha gwagwarmaya a ɗaura aure, sai babi na gaba ki ji jirginsu ya lula Dubai ko Landan ko Faris cin amarci. Daga nan marubuciya ta zauna ta cika shafi biyar da labule da kafet da bahon wanka da jerin akwatunan sayayya. Ba sunan titi ɗaya, ba ɗan ƙasar ko guda da ya buɗe baki ya yi magana, ba sanyi ba zafi, ba ɓatan hanya, ba abincin da amarya ta kai baki ta kasa haɗiyewa. Ki cire sunan garin ki sa wani, ko wasali ba zai canza a labarin ba. Yarinya 'yar shekara 16 ta karanta irinsa guda talatin, me kike so ta ɗauka? Ta ɗauka ma'aunin so shi ne tikitin jirgi, duk saurayin da bai da halin wannan kuwa maneji ne kafin na gasken ya zo.

Abin takaicin, ba a haka rubutun tafiya ya faro a Hausa ba. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi don wanda bai je ba ya gani da idonsa. Kakanninmu kuwa da suka bi ta Barno da Chadi da Sudan a ƙasa zuwa Makka, suna tafe suna yada zango suna noma da ƙwadago, wasu shekaru suke yi kafin su dawo, wasu can suka zauna, ga zuriyarsu nan a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu har yau suna jin Hausa. Wanda ya dawo a cikinsu, ya dawo da Larabci a bakinsa da labarin da jikoki za su kwana saurare. Su da suka tafi da jaki da gora sun gano duniya, mu da jirgi ke kaiwa cikin awa bakwai mun gano farashin mayafi.

Saboda haka ke mai niyya, in da halinki ne ba bashi ba, ba kuma kuɗin makarantar yara ba, Allah Ya kai ki lafiya. Amma ki ware ko wuni biyu ki bar wayar a jaka. Ki shiga motar haya ta talakawan garin, ki ga yadda suke bin layi, ki leƙa kasuwar cefanensu ki ga me matansu ke dafawa, ki tambayi mai share ɗakin otal ɗinki daga wace ƙasa ta zo, 'ya'ya nawa ta baro, yaushe rabonta da su. A Dubai kusan duk mutum tara cikin goma baƙi ne 'yan ci-rani daga Indiya da Pakistan da Filifin da Afirka, su ne suka ɗora benayen nan da ake hoto a gindinsu.

Ku kuma 'yan uwana marubuta, in dai lallai sai an kai amarya Istanbul, to a taimaka a fito da ita daga otal. A sa ta shiga jirgin ruwan da ke tsallakawa da mutane daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya a cikin gari ɗaya, a kai ta ta yi sallah a Aya Sofiya, ginin da ya yi kusan shekara 900 yana coci, ya zama masallaci a 1453, aka mayar da shi gidan tarihi, sannan aka sake buɗe shi ga masallata a Yulin 2020. A bar ta ta ɓata a kasuwa, ta rasa mai jin Hausa ko Turanci, wata tsohuwa mai sayar da burodi ta kama hannunta ta raka ta har bakin titi. Angon ba inda za shi, yana nan zaune kan lallausan gadon yana jiran ta.