Anthony Burgess da Babin da Aka Yanke

An haifi Anthony Burgess a birnin Manchester na ƙasar Ingila a shekarar 1917, ya mutu a 1993. Asalinsa malamin makaranta ne. Ya koyar a garin Banbury, sannan a ƙasar Malaya daga 1954. Ya tsara kiɗe-kiɗe fiye da 200, amma duniya ta fi saninsa da littafinsa na 1962, wato A Clockwork Orange.

Littafin labarin Alex ne, yaro ɗan shekara 15, shugaban 'yan daba. Hukuma ta kama shi, ta yi masa maganin da ke tayar masa da zuciya duk sa'ad da ya yi niyyar ta'asa. Har kiɗan Beethoven da yake ƙauna ya gagare shi saurare. Burgess ya rubuta babi 21, a na ƙarshen ne yaron ya gaji da ɓarna don kansa. Masu ɗab'i a Amurka suka yanke wannan babi, fim ɗin Stanley Kubrick na 1971 ma babu shi. Sai a 1986 aka maido da shi.

A nawa ganin, yankewar ta kashe manufar littafin, domin kowane malami ya san shiryuwar dole ba ta ɗorewa. Sai dai shi ma Burgess ina ganin laifinsa. Alex ya daina ta'asa ne saboda girma ya zo masa, bai yi nadamar waɗanda ya cuta ba. Gajiya da laifi kuwa ba tuba ba ce.