Fotash da zaƙin rake: inda shawarar da ke yawo ta kauce

An turo mini wani bidiyo har sau uku a zaurukan WhatsApp na manoma. Mai maganar ya ce in kana son rakenka ya yi zaƙi, ka ƙara masa fotash, iya yawansa iya zaƙin. Har ya ɗiga ruwan rake a kan 'yar na'urar nan da ake leƙawa, ya nuna lamba ta hau. Da ƙarya ce zalla da ban ɓata lokaci ba. Rabin gaskiya ce, irin wadda ke cin kuɗin manomi yana godiya.

Mu fara da inda ya yi daidai. Rake na shan fotasiyam sosai, sau da yawa ma fiye da naitirojin. A ganye ake haɗa sukari, a kara ake ajiye shi, kuma fotasiyam na cikin masu taimakawa a yi wannan jigilar. Tun shekarun 1960 Constance Hartt ta nuna a Hawayi, ta hanyar bin sawun kabon-14, cewa raken da ya rasa fotasiyam yana jinkirin kai sukari daga ganye zuwa kara. Manomi ma na iya ganin alama da idonsa: tsofaffin ganyen ƙasa su ƙone ta gefe, jijiyar tsakiya ta yi ja-ja, kara ya sirance. A irin wannan gonar, e, fotash zai yi aiki.

Amma fa sai in akwai ƙarancin. Da zarar rake ya samu abin da ya ishe shi, ba ya daina sha. Zai ci gaba da zuƙa, rarar ta taru a ruwansa a matsayin gishiri. To ga inda bidiyon ya zame: waccan na'urar ma'aunin Brix take bayarwa, wato jimillar duk abin da ya narke a ruwan, sukari da gishiri a haɗe. Ba ta san bambanci ba. Shi ya sa masana'antar sukari ba ta tsayawa a Brix, sai ta auna ainihin sukarin da tsarkin ruwan. A wurinsu fotasiyam mai yawa ciwon kai ne, don yana hana wani kaso na sukari daskarewa, ya bi baƙin ruwan da ke saura. Masu dafa mazarƙwaila ma ba su tsira ba, gishiri mai yawa na sa ta jan laima.

Abin da ya fi damuna shi ne babu kwatanci ko ɗaya. Ina layin da ba a zuba wa komai ba? Rake dama yana ƙara zaƙi in ya manyanta, musamman in sanyin hunturu ya shigo ƙasa ta fara bushewa. Ka auna a Oktoba, ka sake aunawa a Disamba, lamba za ta hau ko addu'a kawai ka yi wa gonar.

Sai batun lissafi, wanda bidiyon ya tsallake. Buhun kamfa 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7.5 na fotash. Buhun jan fotash zalla, mai kashi 60 cikin ɗari, yana da kilo 30. Wato sai ka zuba kamfa buhu huɗu kafin ka kamo shi, kuma da wuya ka ga jan a shagon ƙauye. Me manomin Maƙarfi zai yi ke nan? Zai ƙara kamfa. Tare da ita ya ƙara naitirojin, wanda in ya zo a makare sai ya sa rake ya yi ta fitar da ganye, nuna ta yi jinkiri, zaƙi ya ragu. An je neman zaƙi an sayo salam.

Wani abu kuma, don Allah a kiyaye: kanwa ba fotash ɗin taki ba ce, duk da cewa da Turancin Najeriya haka ake kiranta. Mafi yawanta sodiyam ne. Ka zuba ta a fadama, ƙasa ta riƙa toshewa ruwa ya kasa ratsawa.

Kuma ko kalma ɗaya bai ce ba kan fotasiyam da ke barin gona kyauta. Duk karan da aka loda a mota da ganyen da aka kwashe wa dabbobi, da shi suke tafiya, shekara bayan shekara, har gyauro ya fara ramewa. A Barazil ruwan da ya rage bayan an tace itanol suke mayarwa gonakin rake, musamman saboda fotasiyam ɗin da ke ciki. Mu namu mai sauƙi shi ne barin ganye a ƙasa da takin gida.

Wanda ya samu halin gwajin ƙasa ya yi kafin ya sayi buhu. Wanda bai samu ba, ya ware layuka kaɗan a gona ɗaya, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya, ya zuba wa rabi fotash da wuri ya bar rabi, ya sare su rana ɗaya ya auna nauyin kara da mazarƙwailar da kowane ɓangare ya bayar.