Karatun Lahadi da Shirin Wa'azi a Ƙasar Wurno: Misalin Mai Shuka

Tun shekarar 1969 ikkilisiyar Katolika ta tsara karatun Lahadi bisa zagayen shekara uku, watau shekarar farko Bisharar Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka. Galibin Lahadi akan karanta wani yanki na Tsohon Alkawari, da Zabura, da wasiƙun manzanni, sa'an nan Bishara. Amfanin wannan tsari a fili yake, domin yana hana mai wa'azi maƙalewa ga 'yan ayoyin da ya fi so. Amma fa a Roma aka tsara shi, ba a bakin Gulbin Rima ba. Aikin sada karatun da mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ya rage a wuyan mai wa'azi, kuma a nan ne akan yi sake.

A ɗauki misalin mai shuka, cikin Matiyu sura 13. A shekarar Matiyu, karatun nan yakan faɗo a watan Yuli, sa'ad da damina ta kankama. Mai wa'azi yakan ɗauka cewa ya sami abin da kowa zai gane ba tare da bayani ba. Lalle kuwa ba haka ba ne. Manomin gero ba ya watsa iri. Wani ne ke gaba yana sara da sungumi, wani na biye yana zuba iri a rami yana rufewa da ƙafa. Ga wanda ya saba da wannan, mutumin da irinsa ya zube a hanya, ko a kan dutse, ko cikin ƙaya, sakarai ne mai ɓarnar iri. Da zarar mai sauraro ya raina mai shukar, misalin ya mutu.

Maganin abin kuwa yana nan kusa. A fadamun Rima tun da daɗewa akan yafa irin shinkafa ne da hannu, wani ya faɗa inda laima take, wani tsuntsu ya tsince. Wanda ya buɗe wa'azinsa da yafin shinkafa ya mai da mai shukar manomi na ƙwarai, sai hankali ya koma kan ƙasar da irin ya faɗa, inda nufin misalin yake.

Akwai kuma maganar kalmomi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Dokta Walter Miller ya yi babban aiki a kansa, ya ɗauki kalmomi kamar tuba da zunubi da annabi, waɗanda malaman Musulunci suka riga suka ba ma'ana. A Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi a 1837, kunnuwa sun daɗe da sanin nauyinsu. Haka kuma "alheri": a kasuwar Goronyo kyauta ce ko kirki tsakanin mutane, a wasiƙun Bulus kuwa baiwar Allah ce wadda mutum bai cancanta ba. Wanda bai rarrabe su ba, ya faɗi abu guda, an ji wani.

Saboda haka ya kamata makarantun horar da masu wa'azi su sa ɗalibi ya riƙa auna karatun mako da gonar jama'arsa da kuma bakinsu, kafin ya rubuta ko da layi ɗaya.