Sharhi a Kan Tsarin Tsarewa da Saki a Jihar Katsina: Misali Daga Yankin Babban Duhu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi nazarin yadda ake tsare mutane a Jihar Katsina da yadda ake sakinsu, sa'an nan mu auna wannan tsari da ma'aunin dokokin da hukuma ta kafa da hannunta. Mun zaɓi mu hangi al'amarin daga Babban Duhu, a yankin Safana da Batsari, domin mazauna ƙauyukan gefen dajin Rugu su ne suka fi ɗanɗana sakamakon abin da ake zartarwa a birni. Da'awarmu ita ce, jihar ta nuna tana da ikon buɗe ƙofar kurkuku idan ta ga dama, amma ba ta buɗe ta bisa ƙa'ida ɗaya ga kowa ba.

2.0 Yadda Kurkuku Ke Cika

Kafin 1968 yawancin gidajen yari na ƙasar Hausa suna hannun En'e ne, watau hukumar da ta ɗaure mutum ita ke ciyar da shi. Daga wannan shekara Gwamnatin Tarayya ta karɓe su. Sai ya zamana kotunan jiha ke aika mafi yawan tsararru, Tarayya kuwa ke ɗaukar nauyinsu. Wanda ba shi ke auna tsabar ba, ba ya damuwa da yawan bakunan da ke ci. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kimanin kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba.

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma idan ya yi wata biyu a tsare ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da bisa sharaɗi ne. Amma sashen ya keɓe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. A 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga masu garkuwa da mutane da ɓarayin shanu. Ba mu musun cewa an yi dokar ne cikin tsananin buƙata. Sai dai ta haifar da abin da ba a lura da shi ba: duk wanda aka rataya wa irin wannan tuhuma ya fita daga inuwar wancan kariya.

Alal misali, mu ƙaddara an kama wani manomi daga wannan yanki bisa zargin yana kai wa 'yan bindiga rahoto. Za a gurfanar da shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron laifi mai girma irin wannan. Majistare zai tura shi kurkuku, a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a. Idan fayil ya makale, shi ma ya makale. Damina ta wuce, gona ta zama saura, iyali su sayar da akuya su yi kuɗin mota zuwa ziyara. Mai yiwuwa yana da laifi, mai yiwuwa ƙiyayyar maƙwabci ce. Ba mai sani, tun da ba a saurari shaida ba.

3.0 Ƙofar Sulhu

A watan Satumba na 2019 gwamnatin Masari ta shiga sulhu da 'yan bindiga, aka yi musanye: suka sako waɗanda suka sace, hukuma ta sako wasu mutanensu da ke tsare. A 2020 gwamnan da kansa ya bayyana cewa sun ci amana, ya janye. A 2025 aka sake zaman sulhu a Batsari da Jibiya da Ɗanmusa da Safana, kuma a Janairun 2026 jaridu suka bayyana yunƙurin gwamnatin jiha na sakin mutum 70 da ake tuhuma da fashin daji domin ƙarfafa wannan sulhu.

Ba za mu raina sulhu ba, domin wanda ya shekara bai taka gonarsa ba ya san darajar kwana lafiya. Sukarmu a kan ma'aunin saki ne. A wannan tsari, abin da ke fitar da mutum shi ne ƙarfin waɗanda suka tsaya masa a daji. Raunin shaida da tsawon zaman jira ba su shiga lissafi ba. Darasin da matashin ƙauye zai ɗauka a nan mai hatsari ne ƙwarai: mai bindiga a bayansa ya fi mai gaskiya a bakinsa saurin komawa gida. Har ila yau, waɗanda aka kashe wa dangi ba a ba su wurin zama a wannan shawara ba.

4.0 Abin da Doka Ta Riga Ta Tanada

Gyaran ba ya buƙatar jiran Abuja. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya ta 2015 ta ƙayyade wa'adin tsarewa kafin shari'a, ta kuma umurci majistarori su riƙa duba ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Katsina ta yi tata dokar a 2021. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar aikin al'umma. Tun 1977 doka ta ba Babban Jojin jiha ikon sakin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. A Maris na 2023 kuma aka gyara Tsarin Mulki, jihohi suka sami damar kafa gidajen gyaran hali nasu.

Bisa ga haka muna ba da shawara uku. Ta farko, a ƙayyade wa Ma'aikatar Shari'a kwanakin ba da shawara a kan kowane fayil, in sun cika a sallami mai shi ko a ba da belinsa. Ta biyu, duk sakin da za a yi saboda sulhu ya bi ta gaban alƙali a fili, a kuma saurari waɗanda aka zalunta. Ta uku, ƙananan laifuffuka kamar rikicin ɓarnar gona a mai da su ga sasanci da biyan diyya a gaban hakimai, bisa sa idon kotu.

5.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa cunkoson kurkuku da rashin tsaro igiya ɗaya ta ɗaure su. Muddin talakan Babban Duhu yana ganin kotu ba ta hukunta mai laifi da wuri, ba ta kuma wanke marar laifi da wuri, to zai nemi hakkinsa a wata hanya. Muna kira ga malamai 'yan'uwanmu da ke wannan taro su shiga binciken fayilolin masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya, domin a sami hujjar da za a ajiye gaban Majalisar Dokokin Jiha.