Fom Ɗin Neman Tallafi: Roƙo Ne Ko Bara? Waiwaye Daga Gadarif

Mun saba ɗora waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo a faifan nazari, mu feɗe su har wutsiya. Amma akwai wani rubutu da yawancinmu mun taɓa yi, wasu har sau goma, ban kuwa taɓa ganin an yi masa tarke ba. Ina nufin fom ɗin neman tallafi. Shi ma rubutu ne mai jigo da salo da tauraro, kuma yana da alƙalai. Bambancinsa da sauran kawai shi ne, idan ya yi armashi a kan ba marubucinsa kuɗi ko keken ɗinki, idan bai yi ba ko amsa ba zai samu ba.

Wanda zan duba shi ne na tallafin da a kan ware wa masu fasaha da masu aikin hannu marasa ƙarfi, domin su shiga wani zauren ƙere-ƙere na jama'a su aiwatar da abin da ke ransu. Irin wannan zaure, mai injuna da kayan aikin da kowa zai iya shiga ya yi amfani da su, ya yi suna ne daga jami'ar MIT ta Amurka a farkon shekarun 2000, ƙarƙashin Farfesa Neil Gershenfeld, sannan ya bazu a duniya. Da aka lura masu hali ne suka fi cin moriyarsa, sai aka ɓullo da tallafin da ma'auninsa buƙata ce: wanda ya fi rashi shi ne a gaba. Niyya ce kyakkyawa, ba ni da ja. Inda nake da magana shi ne ƙofar da aka yi wa niyyar, wato fom.

Domin a auna ƙofa sai a kawo mai shiga. Na zaɓi Bahaushen Gadarif, a gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha, saboda a wurinsa duk wata ɓaraka ta fom ta fi fitowa fili.

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Wasu hanyar aikin Hajji ta ƙasa ce ta ajiye kakanninsu, wasu kuma gudun mulkin Nasara ne, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903 inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Kogin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau. Gadarif kuwa ita ce rumbun dawa da riɗi na Sudan. Tun shekarun 1940 aka fara noman damina da tarakta a yankin, kuma inda duk tarakta ta yi yawa, dole kanikawa da masu walda da maƙera su yi yawa. Gari ne kuma da ya sha fama da ƙarancin ruwa, don haka tankin ruwa a kan amalanken jaki, wanda masu walda ke haɗawa da ganguna, ba baƙon abu ba ne a titunansa. Ga kafintoci masu yin angarib, gadon nan na katako da igiya. Ga masu agashe, tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan har sunan ya zauna da Hausarsa.

Sai kuma buƙata. A Nuwamban 2020 'yan gudun hijirar Tigray suka kwararo jihar, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, sannan Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa Gadarif, har makarantu suka koma masaukai. A cikinsu akwai teloli da dukawa da masu zane da suka baro kayan aikinsu a baya. Idan akwai inda ma'aunin buƙata ya kamata ya yi aiki, to nan ne.

Matsala ta farko harshe ce. Manyan asusun tallafa wa fasaha na ƙasashen Larabawa, irin su AFAC da Al-Mawred Al-Thaqafy, da Larabci ko Turanci ake neman su, ta intanet. Bahaushen Gadarif yana jin Larabci kamar ruwa, amma Larabcin kasuwa daban, Larabcin rubuta manufa da kasafi daban. Idan ya waiwayo gida, sai ya tarar ƙofofinmu da boko aka rubuta su. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, da daidaitacciyar Hausar boko ake shiga, alhali yarinyar Gadarif da haruffan Larabci ta yi makaranta. Ba laifin gasar nake gani ba, kowace gasa da ƙa'idarta. Abin da nake nunawa shi ne mutum ya zama jemage: a can an ce Larabcinsa bai kai ba, a nan an ce Hausarsa ba ta rubutu. Ƙara da cewa an taɓa ɗauke intanet a faɗin Sudan a Fabrairun 2024, kuma fom yakan nemi lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda samunta tsohon ciwo ne ga yawancin waɗanda ake kira Fallata ko Takari. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya fito da Hausawa zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartoum, tushensa ai wannan tambaya ce ta wane ne ɗan ƙasa.

Matsala ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ta adabi ce. Kusan kowane fom na irin wannan tallafi yana da gurbin da ke cewa: bayyana dalilin da ya sa kake buƙata. A nan ne fom ke umartar mutum ya rubuta labari wanda shi ne tauraro, jigon kuwa wahala. Kuma tunda gasa ce, labarin da ya fi sa hawaye shi ne a gaba.

Mu Hausawa mun san neman abin hannun wani, har mun raba shi gida biyu. Akwai roƙo, akwai bara. Maroƙi yana da sana'a. Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ko Shata a gaban iyayen gidansa, ba su taɓa tsayawa suna lissafa yunwar gidajensu domin a ji tausayi ba. Sun kawo haja ne, wato waƙa, aka biya su da doki da riga da mota, kowa ya tashi da girmansa. Mai bara shi ne wanda ba shi da abin nunawa sai rashinsa. To fom ya ɗauki mai sana'a, wanda matsayinsa na maroƙi ne ko ma fiye, ya ce masa sai ya fara yin bara kafin a dubi hajarsa.

Ka ɗauki magidanci mai walda, wanda ya bar shagonsa a Wad Madani, yana kwana da iyalinsa a ajin makaranta. Ka tambaye shi lafiya, zai ce sai godiya. Ka matsa, zai ce ana nan ana lallaɓawa. Wannan ba ƙarya yake yi ba, tarbiyya ce: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Addini ma ya yabi wannan hali, domin aya ta 273 a Suratul Baƙara ta yi maganar mabuƙatan da wanda bai san su ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kansu, ta kuma nuna cewa da alama ake gane su. Ma'ana, nauyin ganewa yana kan mai bayarwa. Fom ya juya wannan nauyi ya ɗora wa mai karɓa. Sakamakon shi ne ba mafi buƙata ke samu ba, sai wanda ya fi iya faɗin buƙata, ko wanda ya sami ɗan boko ya rubuta masa.

A nan sai na sunkuyar da kai, domin ɗan bokon nan mu ne. Na taɓa cike wa wata tela irin wannan fom na wata ƙungiya. Ta ce mini kekenta ya tsufa, tana son na zamani ta koya wa 'yan mata uku da ke zama wurinta. Na ga wannan ba zai motsa alƙali ba, sai na ƙara gishiri: na kawo maraici, na kawo kwana da yunwa. Da na karanta mata ta yi shiru, can ta ce, "Malam, wannan ai ba ni ba ce." Ta yi gaskiya. Na rubuta labari mai kyau, amma na kashe mai labarin.

Matsala ta uku ta nahawu ce. Fom da "ni" yake magana: sunana, aikina, asusuna. Sana'ar hannu kuwa da "mu" take tafiya. A garejin Gadarif, kamar a kasuwar Panteka ta Kaduna ko karofin Ƙofar Mata a Kano, akwai maigida, akwai manyan yara, akwai ƙanana masu miƙo sifana, kuma injin walda ɗaya yakan ciyar da gida biyar. Idan ka zare yaro ɗaya ka ba shi kuɗi da sunansa shi kaɗai, ka ce ya kawo rahoto bayan wata shida, ka yi masa yaye kafin lokaci, ka kuma shuka 'yar tsama tsakaninsa da maigidansa. Haka nan fom yana son sabon abu mai farko da ƙarshe wanda za a ɗauki hotonsa. Amma fasahar waɗannan wurare mafi yawanta gyara ce: a ƙera wa tsohuwar tarakta abin da kamfaninta ya daina yi, a mai da ganga murhu. Wannan ba ya shiga gurbin "sabuwar ƙirƙira", alhali shi ne ke sa a yi shuka a kan lokaci.

Adalci ya sa in faɗi abin da fom ya fi mu. Yana toshe ƙofar wa-ka-sani. Idan aka ce mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwa kaɗai zai nuna mabuƙaci, mun san inda tuwon zai ƙare. Bazawarar da ba ta da kowa, da baƙon da ya sauka jiya, da yarinyar da ba a bari ta shiga gareji, wani lokaci takarda ce kaɗai gatansu. Saboda haka ba cewa nake a yaga fom ba. Cewa nake a rage masa sarauta.

Ita kanta Gadarif ta nuna hanya. A 2005 aka kafa ƙungiyar Gedaref Digital City, bisa ƙawancen garin da birnin Eindhoven na ƙasar Holan. Kwamfutocin da aka samo an zuba su ne a cibiyoyin da jama'a ke shiga, har aka koyar da kurame. Kayan aiki aka ajiye a wuri, mai buƙata ya zo da ƙafarsa, ba sai ya rubuta tarihin talaucinsa ba. Da yaƙi ya zo kuma, abin da ya riƙe mutane a garuruwan Sudan shi ne takaya, wato tukunyar unguwa, da ɗakunan agajin gaggawa na matasa, waɗanda tushensu nafir ne, abin da mu muke kira gayya. Mai tukunya ba ya tambayar takarda, domin ya san gidan da ba a hura wuta ba. Mu ma a adabi mun taɓa yin haka. Lokacin da kamfanonin ɗab'i suka juya wa marubutan Kano baya, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba sun haɗu a ƙungiyar Raina Kama, suna tallata littattafan juna, ba su jira wani asusu daga waje ba.

Daga nan shawarata huɗu ce. A bar mutum ya nema da bakinsa, da Hausa ko Larabcin da ya iya, ko da saƙon murya ne, ya nuna aikin hannunsa a hoto. A cire gurbin ba da labarin wahala, a mai da tantance buƙata aikin masu bayarwa: su taka su gani, su tambayi abokan sana'a fiye da ɗaya, da mata a cikin masu tantancewar. A yarda shago ko ƙungiya ta nema da sunan "mu". Sannan kaso mafi tsoka ya tafi ga kayan aikin da za su zauna a matsayin waƙafi, injin walda da janareta da kekunan ɗinki, domin kuɗin hannu yakan ƙare a cefane, musamman inda farashi ke tashi kullum, amma uwar maƙera takan ga jikoki.

Mu kuma masu alƙalami, kafin a gyara fom, mu gyara hannunmu. Idan mai sana'a ya zo a rubuta masa, a rubuta abin da ya iya kafin abin da ya rasa, kuma a karanta masa ya ji ko ya gane kansa a ciki. Tallafin da sai mutum ya tuɓe rigar mutuncinsa a bakin ƙofa kafin ya karɓa, an riga an cire masa riba. Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mai da kowane mai sana'a bakin aikinsa.