Jordan ko LeBron, Shago ko 'Yan Yanzu: Nazarin Musun Gwanaye a Majalisun Tambuwal

Daga tsakiyar Afrilu zuwa watan Yuni ake wasannin fitar da gwani na gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka. Ƙungiyoyi 16 ke karawa biyu-biyu, wadda ta riga cin wasa 4 cikin 7 ita ke wucewa. A Tambuwal lokacin yana faɗowa tsakanin zafin bazara da ruwan shuka, kuma galibin wasannin sai tsakar dare ta gota ake fara su da agogonmu, gidan kallo ya rufe, an kashe janareto. Shi ya sa masu bin wasan a nan ba su da yawa. Akasari samari ne da suka kwaso sha'awar a makarantun Sakkwato ko Zariya, kuma ba cikakken wasa suke kallo ba, guntayensa suke tsinta a waya da safe. Ƙwallon ƙafa ce ke da gari. Amma duk sa'ad da biyu daga cikinsu suka haɗu a teburin mai shayi, magana ɗaya ce: tsakanin Michael Jordan da LeBron James wa ya fi?

Sunayen baƙi ne, musun kuwa ɗan gida ne. Duk wanda ya taɓa zama inda dattawan Dogon Daji ko Jabo ko Kebbe ke hirar dambe ya san yadda ake shimfiɗa shi. Akwai na dauri wanda ba a taɓawa, akwai na yanzu da ake ɗorawa a kan sikelinsa, akwai kuma hukuncin da ba a yankewa, don in an yanke gobe ba abin tattaunawa. Saurayi ya yabi Ali Ƙanin Bello ko Dogo Mai Takwasara, dattijo ya dube shi ya ce, "Kai yaro, mi kas sani? Waɗanga da a zamanin Shago suke, ko zare ba su ɗaurawa." Yaro ya ce, "Baba, kun gan shi da idonku?" Dattijo ya ce, "Duniya ta gan shi."

Wannan amsa ta ƙarshe ita ce ta fi jan hankalina. Mutum nawa ne a raye yau da suka tsaya bakin fage suka ga Shago ya kai wani ƙasa? Abin da akasarinmu muka sani game da shi da karonsa da Ɗandunawa daga bakin Ɗan Anace muka ji shi. Makaɗi ne ya tsince ranakun kisa ya jera mana, ya bar ranakun da aka tashi babu kisa ko hannu ya yi sanyi. Ba ƙarya ya yi ba, sana'arsa ce. Sai dai ɗan damben yau ba shi da wannan gata. Kowane turmi nasa yana cikin wayar wani, har da wanda ya yi ta ja da baya yana haki. Ana gwada mutumin da aka ga rauninsa da mutumin da waƙarsa kawai aka ji, sannan a yi mamakin yadda na dauri kullum ke rinjaye.

Samarin ƙwallon kwando suna ganin sun tsira daga wannan, tunda su da alƙaluma suke magana. Mai Jordan zai ce gwaninsa ya kai Chicago Bulls wasan ƙarshe sau 6 tsakanin 1991 da 1998, bai faɗi ko sau ɗaya ba. Mai LeBron ya ce nasa ya je sau 10 ya ci 4, da ƙungiyoyi 3 daban-daban, kuma a Fabrairun 2023 ya zarce maki 38,387 na Kareem Abdul-Jabbar. Zai ƙara da 2016, lokacin da Cleveland ta LeBron ta farfaɗo ana binta 3 da 1 ta doke Golden State wadda ta ci wasa 73 a kakar. Duk gaskiya ne. To amma lura da yadda kowa ke ɗauko lissafin da ya yi masa daɗi. In yawan kofi ne ma'auni, Bill Russell yana da 11, ban taɓa jin an kawo sunansa a teburin shayi ba. A bakin mai musu, alƙaluma ma maroƙa ne: wanda ya kira su shi suke wasawa.

Jordan ma yana da nasa Ɗan Anacen. Yawancin masu rantsuwa da shi a nan ba a haife su ba lokacin da ya ɗauki kofinsa na ƙarshe. Abin da suka gani shi ne zaɓaɓɓun hotunan tsallensa, da shirin The Last Dance mai kashi 10 da aka fitar a 2020, wanda sai da ya amince kafin a buɗe faya-fayen da aka yi shi da su. An ce gani ya kori ji, amma ganin da wani ya tace maka bai yi wa ji nisa ba. Wilt Chamberlain kuwa, da ya zuba maki 100 shi kaɗai a wasa guda ranar 2 ga Maris 1962, babu hoton bidiyon wasan, sai labari da wani yanki na sharhin rediyo.

Wani abin da musun ke tsallakewa shi ne wasan kansa ya sauya. Sai a 1979 NBA ta shata layin jifar nesa mai maki 3. A 2004 aka tsananta hana mai tsaro dafa ɗan wasa da hannu, abin da aka yi ta yi wa Jordan. Daga baya Stephen Curry ya mai da jifar nesa abincin kullum. Haka dambe: na dauri na kaka ne, mahauta na bin garuruwa bayan an kai amfanin gona gida, na yanzu kuwa sana'ar kowane wata ce a gidajen dambe, da alƙalin wasa da kyautar mota, an kasu Kudu da Arewa da Jamus da Guramaɗa. Ko maƙwabtanmu na Nijar, da suke da gasar takobin kokawa tun 1975 da rubutaccen jerin zakaru, lissafi bai raba musu gardama ba. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi sau 6, amma har gobe akwai dattijon Maraɗi da ba zai yarda a haɗa shi da gwanin dauri Kantu ba.

Ba na ganin laifin wannan musu. Da shi yaro ke koyon kafa hujja a gaban manya ba tare da ya zubar da ladabi ba, da shi kuma sunan na baya ke wanzuwa. Inda nake da ƙorafi shi ne yadda samarinmu suka karɓo jerin gwanayen yadda Amurkawa suka tsara shi, mutum biyu rak, suka bar wanda ya fi kusa da su. Hakeem Olajuwon a Legas aka haife shi a 1963, ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin ya koma kwando. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi aka fara ɗauka, Jordan na uku. Ya ci wa Houston Rockets kofi a 1994 da 1995. A 1994 ya haɗa kyautar gwarzon gasa da ta gwarzon tsaro da ta gwarzon wasan ƙarshe a kaka ɗaya. A Fabrairun 1995, yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata. Ƙwallaye 3,830 ya kaɗe a hanyarsu ta shiga kwando, adadin da babu wanda ya kai tun da aka fara ƙidayar.

Masu Jordan kan ce ai Hakeem ya samu sarari ne don gwaninsu ya tafi hutu. Wannan ya yi daidai da 1994 kaɗai. Jordan ya dawo a Maris 1995, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da shi, ita kuma Houston ta lallasa Orlando 4 da nema a wasan ƙarshe. Wanda ya san wannan ba zai bari a rufe hira ba a ambaci Hakeem ba. Haka Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin 2019.

Ni dai in an matsa mini, a wasan mutuwa ko rayuwa guda ɗaya Jordan zan ɗauka, a tsawon shekaru 20 kuwa LeBron. Amma samarin Tambuwal da Kebbe, kafin ku sake buɗe musun nan, ku nemi cikakken wasa ɗaya na Houston da San Antonio na 1995 ku kalla daga farko har ƙarshe, ba guntaye ba.